Wata Huɗu Kawai Suke Nema: Magana Kan Iyalan Da Ake Tasa Daga Haya Suna Jiran Biza



Akwai wata matsala da ta fara yawa a unguwanninmu, amma ba a cika kawo ta gaban jama'a ba. Wanda ta shafa kunya yake ji, wanda ya ji labari kuma ba ya ganin abin tausayi ne. Magidanci ya samu hanyar fita waje, ko aiki ko karatu, ya zuba duk abin da ya mallaka wajen neman takardu, yana sa ran biza cikin wata uku ko huɗu. Ana cikin haka kuɗin hayarsa ya ƙare. Mai gida ya ce ko a biya shekara cur har da ƙarin da aka yi, ko a ba shi makullinsa. Shekara ba za su zauna ba, wata huɗu kuma an ce ba a yarda ba. Sai ka ga iyali sun ɗaure kaya sau biyu a shekara guda, tashin farko na dole, na biyu na tafiya.

A ganina wannan tashin farko, a mafi yawan lokuta, ba shi da dalili. Ɗan haya yana tafka asara, mai gida ma ba wata riba yake ci ba, kuma zama ɗaya na dattawa da takarda guda sun isa su hana shi. Wannan ra'ayina ne, ba matsayar ƙungiya ba ce tukuna, sai an zauna an tattauna.

Cikin ƙorafe-ƙorafen da suka zo teburin sulhu na ƙungiya akwai na wani iyali, waɗanda suka amince a ba da labarinsu ba tare da suna ba. Maigidan ma'aikacin jinya ne, ya samu aiki a wani asibiti a Ingila, yana da mata da 'ya'ya uku. Suna zaune a ciki biyu da falo shekara da shekaru, ba a taɓa bin su bashin haya ba. Da wa'adi ya zo, ya roƙi a karɓi kuɗin wata huɗu. Mai gidan, dattijo ne ɗan fansho, ya ce yana da wanda zai biya shekara, ba zai saki na hannu ya kama na guje ba. Ƙarshenta uwar da yaran suka koma ɗaki guda a gidan iyayenta a Rikkos, shi kuma yana kwana a shagon wani abokinsa. An sayar da kujeru da firji a farashin da ko faɗi ba ya daɗi, domin 'yan gwanjo suna jin ƙanshin gaggawa tun daga nesa. Babbar 'yarsu, mai shirin jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu Keke Napep biyu take hawa kafin ta kai makaranta. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu suna jiran takardun matar da yaran. Gidan da aka tashe su kuwa yana nan a kulle, sabon ɗan hayan bai cika kuɗi ba.

Babu mugu a wannan labari. Abin da ya sa ya dame ni ke nan. Kowa ya yi abin da yake ganin shi ne daidai, kuma kowa ya yi asara.

Wanda ba ɗan Jos ba zai iya cewa, to me ya hana su nemi wani gidan a wata unguwa? Mu mun san amsar. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin nan ya rabu, kowa ya koma inda yake jin zai kwana da ido biyu a rufe. Mutanen da a da suke warwatse a ko'ina cikin gari suka dawo suka cunkushe a Gangare, Rikkos, Unguwar Rogo, Dilimi, 'Yan Shanu, titin Bauchi da kewayen Babban Masallaci. Ƙasa ba ta ƙaru ba, duwatsu ne ta nan, rafi ne ta can, mutane kuma kullum ƙaruwa suke. Ambaliyar watan Yuli 2012, lokacin da ruwa ya tumbatso daga dam ɗin Lamingo ya ci rayuka fiye da talatin, ta nuna mana inda ƙarancin matsuguni ya tura jama'a su yi gini, wato bakin rafi. A irin wannan wuri, ɗakin haya ba ya kwana bai samu mai so ba, saboda haka mai gida ba ya jin yana da bukatar yin sassauci, ɗan hayan da aka tasa kuma zaɓinsa kaɗan ne ƙwarai.

Sai kuma tambayar da masu gidaje suke yawan yi: ka faɗa mini ranar da za ka tafi. Gaskiyar magana ita ce mai tafiyar shi ma bai sani ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Dubi yadda dokoki suka riƙa juyawa cikin ɗan lokaci. Daga Janairu 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai 'yan ƙasar waje tafiya da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi kai mata da 'ya'ya, a watan Yuli 2025 kuma aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya. Kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza ya tashi zuwa fam 1,035 a shekara ga yawancin manya a Fabrairu 2024. Kanada ta taƙaita yawan takardun izinin karatu a farkon 2024. A nan gida, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardu a Fabrairu 2024, har da sharaɗin aikin shekara biyu bayan kammala karatu, abin da ya tsayar da tafiyar mutane da yawa. Fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 50,000 a Satumba 2024, bayan shekara guda ya koma Naira 100,000. Takardar gwajin tarin fuka da Ingila take nema wata shida take yi ta mutu, kuma ba a yin gwajin a Jos, sai an je wuraren da aka amince da su, kamar Abuja ko Legas. In wani abu ya jinkirta, sai a sake ɗibar iyali a koma.

A bayan duk wannan ga Naira. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafin tafiyarsa a kan tsohon farashi, kuɗinsa sun narke a hannunsa yana kallo. Mun ga yadda a watan Mayu 2024 aka ce wa wasu ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside su bar Ingila saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Saboda haka mu daina wannan tunani na cewa duk mai shirin fita waje yana da kuɗi. A watannin jiran biza, sau da yawa ba a samun wanda ya fi shi talauci a layinsu. Ya sayar da fili, ya ci bashin 'yan uwa, wani ma ya riga ya ajiye aiki. In mai gida ya ji ana maganar Ingila ko Saudiyya ya ɗaga haya, to a kan bashi ya ɗora ta.

Adalci ne kuma mu saurari masu gidaje, domin da yawansu iyayenmu ne, wasu ma 'yan ƙungiyar nan ne. Dattijon da ya gina ɗakuna huɗu da kuɗin sallamarsa, da hayar nan yake biyan kuɗin makarantar 'ya'ya, da ita yake sayen magani. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi. Buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba na wannan shekarar, a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Kuɗin shekara a dunƙule shi ne yake gyara rufin kwano kafin damina, kuɗin wata-wata kuwa a cefane yake ƙarewa. Ga kuma tsoro na gaskiya: wata huɗu ya zama takwas, takwas ya zama shekara biyu, biza ta ƙi fitowa, ɗan haya ya zauna daram ba biya ba tashi. An sha ganin haka. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Amma mu yi lissafi. Mu ɗauka hayar gida Naira 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata. In mai gida ya yarda da wata huɗu, ya ɗora ɗan ƙari saboda gajeren wa'adi, a ce 60,000 a wata, an biya shi duka a gaba, ya karɓi 240,000 a dunƙule, kuma yana da wata huɗu na neman sabon ɗan haya a natse, ya zaɓi mutumin kirki. In ya tashe su, gidan zai iya yin wata biyu a rufe ana fenti ana jiran ciko, ya yi asarar 100,000 bai sani ba. Ɗan hayan kuwa in ya ce zai kama wani gidan, sai ya biya shekara cur, ga la'adar ejan da aka saba kashi goma cikin ɗari, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ga kuɗin a-kori-kura da masu baro, domin lungunanmu mota ba ta shiga. Zai kashe fiye da 660,000 a kan zaman wata huɗu, kuma ba kowane mai gida ne yake mayar da ragowar kuɗi ba. In ka duba sosai, ejan ne kaɗai yake fita da riba.

Ta fuskar doka ma, akwai abin da ya kamata ɓangarorin biyu su sani. Abin da aka saba a dokokin karɓar gida na jihohin Najeriya shi ne, in babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani abu dabam, mai hayar shekara-shekara notis na wata shida ake ba shi, mai hayar wata-wata kuma na wata ɗaya. Bayan notis ya cika sai a ba da na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. In kuwa takardar ta faɗi ranar shiga da ranar fita ƙarara, to ranar fitar ta wadatar, saura na kwana bakwai kawai. Kotu ce take fitar da mutum. Cire ƙofa, kwance kwano, yanke wuta, ko kawo samari su watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gida zai iya biyan diyya a kai. Ku lura da abu guda a nan: takardar da ta ce wata huɗu, daga rana kaza zuwa rana kaza, ta fi kare mai gida a kan hayar shekara ta fatar baki. Abin da yake tsoro, takardar ce maganinsa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, hukumar Legal Aid Council tana da ofishi a Jos, mu ma kuma muna da lauyoyi cikin 'ya'yan unguwa.

A addinance ma ba baƙon abu ba ne. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bambance haya mai yankakken wa'adi, wadda take lizimtar kowa har ƙarshenta, da haya ta wata-wata. Ba wanda ya ce dole sai shekara. Biyan shekara a gaba al'ada ce da ƙarancin gidaje da rashin yarda suka haifar, abin da al'ada ta kafa kuwa yarjejeniya tana iya sassauta shi.

Yanzu ga masu tafiya, domin ku ma da naku. Babban abin da yake jawo muku wannan wahala shi ne ɓoye-ɓoye. Mun san dalili, ana tsoron baki, ana tsoron hassada, ana gudun a ce an yi ta shela ba a tafi ba. Ba a ce ka yi sanarwa a masallaci ba. Amma mai gidanka ba ɗan kallo ba ne, mutum ne da lissafinsa yake rataye da naka. Ka same shi wata uku ko huɗu kafin wa'adi, tare da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ka gaya masa halin da ake ciki. Wanda ya ji daga bakinka zai iya tausaya maka. Wanda ya tsinci labarin a majalisa, ko ya ga ana fitar da kujeru da daddare, zai ɗauka guduwa za ka yi da bashin wuta da na ruwa. Ka nuna masa rasit na wutar JED da na ruwa, ka yarda ya kawo masu duba gida a watan ƙarshe, ka ajiye masa wani abu na gyara. In za ka nemi wa'adi, ka ƙara wata biyu a kan abin da kake zato, domin ofishin biza ba ya aiki da agogonka.

Kada kuma a sayar da katifa da tukunya sai biza ta shigo hannu. Alƙawarin ejan na tafiya ba biza ba ne, takardar ɗaukar aiki ma ba biza ba ce. A raba kaya uku: na sayarwa yanzu, wato abin da za a iya rayuwa ba shi, da na sayarwa a makon ƙarshe, da na ajiya a gidan 'yan uwa. Fasfo, takardun haihuwa, takardar aure, sakamakon makaranta da katin rigakafin yara su zauna a jaka guda cikin leda, a hannun mutum guda, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Tashin gaggawa a damina ya sha jiƙa takardar da sai an yi wata ana neman madadinta.

Akwai magana ta musamman kan mata, domin su suke ɗaukar mafi nauyin wannan tashi. Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata. Ba daidai ba ne miji ya kira ɗan gwanjo ya yi ciniki a kan gadonta da kwanukanta don cika kuɗin tikiti ba tare da yardarta ba. In ta yarda, a rubuta ko bashi ne ko kyauta. Sannan mu jama'ar unguwa mu kama bakinmu. Mace ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya uku da akwatuna, kafin la'asar an ce yaji ta yi, kafin magariba an ce saki ne. Ita ba za ta iya bin gida-gida tana bayani ba, tunda an ce ta ɓoye maganar tafiya. Wannan tsegumi kaɗai ya isa ya sa mace ta tsani tafiyar da ta yi shekara tana addu'a a kanta. Mazan kuma su sani, ajiye iyali a gidan surukai ba ya ɗauke ciyarwa. Ka kai cefane kullum, ka zo yara su gan ka, kada surukinka ɗan fansho ya wayi gari da baki huɗu a kansa.

Yara kuwa a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da aka ce masa jirgi za mu hau, sai ya ga an koma ɗakin kaka ana kwana a tabarma, zai ɗauka wani abu ne ya lalace. Kada a cire su daga boko ko Islamiyya don ana ganin tafiya ta kusa. Mun ga yaran da suka yi zango biyu na karatu a gida suna jiran jirgin da bai zo ba. Su ci gaba da zuwa har makon tafiya, a kuma karɓi takardar shaidar makaranta da wuri, za a neme ta a can.

Abin da ya fi ba ni kunya a wannan lamari shi ne, mu ne mutanen da aka sani da zango. Daga Kumasi zuwa Sabon Zango na Akara, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege, duk inda Bahaushe ya sauka sai ya kafa wurin da matafiyi zai ajiye kaya, da mai masaukin da zai tsaya masa. Fataken goro a hanyar Gwanja da haka suka yi ta tafiya, alhazan ƙafa da suka bi ta Chadi da Sudan su ma da haka suka kai, wasu har suka zauna a garuruwa irin su Mai Wurno. Jos ɗin nan kanta, kakanninmu da suka zo haƙar kuza daga Kano, Katsina, Zariya da Bauchi, wani ne ya ba su ɗaki kafin su gina nasu. Matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da zakka take halatta gare su. Yaya za a ce jikokin waɗannan mutane sun rasa inda za su ajiye iyali guda na wata huɗu?

Ga abin da zan gabatar a taron ƙungiya mai zuwa, ina kuma roƙon a zo da gyara:

1. Lauyoyinmu su tsara mana takardar ƙarin wa'adin haya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, ta wata uku zuwa shida, da ranar fita a rubuce, da sa hannun shaidu biyu da mai unguwa.

2. Ƙungiya ta riƙa tsayawa a matsayin mai lamuni ga ɗan ƙungiyar da aka san halinsa, ta yadda in wa'adi ya cika mu ne za mu tabbatar an ba mai gida makullinsa, ba sai ya je kotu ba.

3. Mu buɗe rajistar masu ɗakin da ba kowa, musamman 'yan uwanmu da suke Saudiyya, Ingila, Abuja da Legas suka bar gidaje a kulle, waɗanda za su yarda a ba da su na gajeren lokaci. Gidan da mutum yake ciki ya fi wanda aka bar wa ɓeraye da yoyo.

4. Ɓangaren mata su shirya yadda za a riƙa sayen kayan mai tafiya a tsakaninmu da farashin mutunci, musamman ga iyayen da suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu.

Na san wani zai ce, su da za su tafi su ci daɗi, mu da muke nan wa ya tausaya mana? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce takardar nan ba ta masu biza ce kaɗai ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da bazawarar da take jiran rabon gado, da wanda gininsa ya rage rufi, duk ita za su nema. Kuma 'yan uwanmu da suke waje, su ne muke tura wa saƙo in za a gyara masallaci, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Yadda muka sallami mutum, haka zai riƙa tuna mu.

Iyayenmu masu gidaje, ina roƙonku da girman Allah, in irin wannan ta zo gabanku kada ku yanke hukunci a tsaye, ku kira mu a zauna. Masu shirin tafiya, ku zo da wuri tun kafin notis ya fito. Wanda yake da ɗaki ko shawara ya same ni bayan sallar Juma'a, ko ya turo saƙo ta akwatin wannan shafi, za a riƙe sirrinsa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sauƙaƙa wa masu jira, Ya sa albarka a dukiyar masu gidaje, Ya zaunar da Jos da Jihar Filato lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Gangare, Jos.